Bututun Gidan Zarmast

A kwarinmu mutum ba ya share bututun murhunsa shi kaɗai. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya a kan rufi, ɗaya a cikin ɗaki, igiya a tsakaninsu da dunƙulen ƙaya ɗaure a tsakiyarta. Na sama ya ja, na ƙasa ya ja, ƙayar tana kankare kunkunniyar da ta daskare a ciki. Masu mata da matansu suke yi, masu 'ya'ya a gida da 'ya'yansu. Ni da Zarmast ba mu da ko ɗaya a kusa, sai muka zama miji da mata a wannan fanni, kamar yadda shi ya faɗa a ƙofar masallaci gaban jama'a. Ya ƙara da cewa ni ne matar, tunda ni na fi mita.

Durdana, matata, ta rasu shekarar da ambaliya ta tafi da tsohuwar gada. Allah bai ba mu haihuwa ba, ko in ce ya ba mu ya karɓe kafin a raɗa suna. Mahtab, matar Zarmast, ta riga ta tafiya da 'yan shekaru, ta bar masa ɗa guda, Fardad, mai sayar da tayoyi a birnin Peshawar. Ni na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane tarihi da Farisanci, su kuma suka ƙare tasu suna mantawa. Zarmast direban motar jif ne tun zamanin da hanya ba ta fi faɗin tabarma ba, kuma iyakar karatunsa lambar mota. Ba zan kira shi aboki ba. Mutanen da nake jin daɗin hira da su sun mutu tun kafin a haifi kakana, suna jere a kan katako a bangon ɗakina. Zarmast dai shi ne wanda ya rage yana numfashi, gidansa kuma a tsallaken rafi yake, daidai saitin tagata.

Sai kuma duban hayaƙi. Kowace safiya idan matan unguwa suka fito ba dabbobi harawa, sukan ɗaga kai su duba bututun duk tsohon da yake zaune shi kaɗai. In hayaƙi yana tashi, yana raye, kowa ya kama gabansa. In rana ta taɓa rufi babu hayaƙi, za ka ji ana buga maka ƙofa. In abin ya maimaitu, sai a kira 'ya'yanka a waya su zo su kwashe ka kamar kayan wanki. Matar liman ce shugabar wannan hukuma, kuma zumunci suke kiransa. Ni ba ni da wanda za a kira, don haka hayaƙina bai taɓa damuna ba. Na Zarmast kuwa ba ya makara. Ina idar da sallar asuba zan hango shi ta taga, fari, mai kauri, ya miƙe sama.

Sau biyu ake sharar: da kaka kafin sanyi ya shigo, sai kuma tsakiyar sanyi, lokacin da ɗanyen itace ya gama shafe cikin bututu da wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta. In aka bar shi, ko dai hayaƙi ya juyo cikin ɗaki ya kwantar da mutum kwanciyar da ba tashi, ko kuma shi kansa ya kama da wuta ya ci katakon rufi. Sharar kaka mun yi ta lafiya. Bayanta na daina ganin Zarmast a masallaci sai ranar Juma'a, na ce a raina tsufa ne, ko kuma ya gaji da huɗubar liman, wanda ba laifi ba ne.

Da sanyi ya kai tsakiya murhuna ya fara tari. In na buɗe ƙofarsa sai ya feso min hayaƙi a fuska. Na fita bakin rafi na ƙwala wa Zarmast kira, ya amsa daga cikin ɗaki cewa zai zo gobe. Washegari ya zo bayan azahar, sanye da rigar ulu mai dogayen hannuwa, irin wadda ke wuce yatsu. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi tsani, ya dube ni.

"Yau kai za ka hau, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun da na lura kai ka fi kusa da sama. Duk karatun nan, ai ka san hanya."

Tun da muka fara wannan aure namu shi yake hawa, ni in riƙe ƙasa. Na gaya masa in na faɗo na karya wuya, shi zan bar wa littattafaina, ya zauna da su har ya mutu. Ya ce da na taimake shi, dama yana neman abin hura wuta.

Na ciro gaɓoɓin bututun da ke cikin ɗaki, na fitar da su tsakar gida na bubbuge su da sanda. Zarmast yana zaune a dakali yana ba da umarni, abin da bai saba ba, don shi mutum ne da ba ya iya ganin aiki a hannun wani. Sannan na hau rufi da gwiwoyina masu ƙara, na ɗaura dutse a bakin igiya na zura ta. Na ji Zarmast ya kama ta. Na ja, ya ja, amma jan nasa ba ƙarfi, ƙayar sai ta sauko kaɗan ta tsaya. Na sa baki a bututu na tambaye shi ko akuya ya ba igiyar. Muryarsa ta hauro da ƙurar baƙi: in ja kawai, tsohon allo, bakina ya fi hannuna ƙarfi.

Da na sauko na tarar buhun da ake tarewa a bakin bututu ya zame, kunkunniya ta zube a kan dardumar Durdana. Zarmast yana tsaye, ya naɗe igiyar a damtsensa na hagu, ya take sauran da ƙafa. Na ga wannan da idona, amma darduma nake kallo. Na faɗa masa maganganu. Ina da baiwar wannan, shekaru na yi ina gwada ta a kan 'ya'yan mutane. Bai rama ba. Da muka zauna shan shayi ya ɗauki kofi da hagu, na ce ashe har ladabin cin abinci ya bar shi. Ya ce hannun dama sanyi yake ji. Da zai tafi na ce gobe sai nasa. Ya ce a'a, bana busasshen itace ya samu, bututunsa ƙalau yake, in zauna in yi karatuna.

Babu busasshen itace a kwarin nan da tsakiyar sanyi. Kuma ban yarda a ce ya yi min nawa ni ban yi masa nasa ba, ya samu abin faɗa a ƙofar masallaci har bazara. Da hantsi na saɓa igiya da ƙaya na tsallaka rafi. Gidansa a jikin tudu yake, ta baya mutum yana iya takawa daga hanya ya hau rufi ba tsani. Na hau ban yi sallama ba, da nufin in zura masa dutse ya faɗo cikin murhu ya firgita shi.

Na dafa bututun. Sanyi ƙalau, har ya kama min tafin hannu. Da asubar nan na ga hayaƙi yana fita daga cikinsa, kuma bututun da aka hura wuta a ƙarƙashinsa yakan riƙe ɗumi har azahar. Na cire hular kwanon da ke kansa, na naɗe hannun riga na zura hannu har gwiwa. A tsakiyar sanyi hannu ba ya shiga bututu, in ma ya shiga baƙi ƙirin yake fitowa. Nawa ya fito da 'yar toka fara-fara, da gutsuren ƙonannen ganye manne a yatsa. Ƙarfen yana nan kusan yadda muka bar shi da kaka.

Na daɗe a durƙushe a wurin. Daga nan ina hango tsakar gidansa: gumaguman itace jibge har kusan tsayin katanga, ƙanƙara ta rufe su, ko ɗaya ba a faskara ba. Gatari yana kwance a gefe, rabinsa a binne.

Na sauka na tura ƙofa. Ɗakin ya fi waje sanyi. Ruwan buta ya daskare. Katakon da Mahtab ke jera kwanuka a kai babu shi, kwanukan suna ƙasa, kujerar zama 'yar ƙarama ita ma babu. A gefen murhu akwai buhun ganyen da ake tara wa awaki da kwanon ruwa da ashana. Zarmast yana ƙudundune a lungu, ya tara duk bargunan gidan a kansa, har da na aurensu mai jan baki. Ya dube ni, ya dubi hannuna mai toka.

"Ba a koya maka sallama a littattafan ba?"

Na ce ya fito da hannunsa na dama. Ya ce in fita masa daga gida. Na tsaya. Can ya sa hagu ya kamo hannun rigar ya ɗago shi, ya sake shi, ya faɗi a kan bargo kamar ba a jikinsa yake ba.

A hankali ya ba ni labarin, yana kallon bango. Bayan sharar kaka da 'yan kwanaki ya tashi da safe ya ji hannun ba ya amsawa, ƙafar dama ma tana ja kaɗan. Ya jira ya warware, bai warware ba. Ya gwada gatari da hagu, ya kuɓuce ya tsaga ƙofar rumbu. Ya ƙone ƙiraren da yake da su, sannan katakon kwanuka, sannan kujera. Daga nan sai ganye. Kowace asuba yakan matse akwatin ashana tsakanin gwiwoyinsa ya ƙyasta, ya kunna tafi ɗaya na ganye, ya yayyafa masa ruwa don hayaƙin ya yi fari ya yi kauri, yadda matar liman za ta gani daga gidanta. A kan wannan 'yar wutar yake ɗumama shayi. Gurasar da mata ke kawowa a bakin ƙofa yake karɓa, da hagu, yana yi musu barkwanci don kada su shigo.

Na tambaye shi me ya hana shi roƙon wani ya faskara masa. Ya ce shi da ya yi shekaru yana faskara wa zawarawan unguwa itace, ranar da ya roƙi wani, kafin la'asar an kira Fardad.

Na san abin da yake gudu. Bayan rasuwar Mahtab ya taɓa zuwa Peshawar ya yi wata biyu. Ɗaki a saman bene, taga tana kallon bangon wani. Surukarsa mutuniyar kirki ce, wanda a cewarsa ya fi muni, don ba ta ba shi dalilin yin faɗa. Jikoki ba sa jin harshenmu. Ya dawo ya rame. Amma ba ɗakin ne abin ba. Mu a nan a gefen gonarmu muke binne namu. Mahtab tana ƙarƙashin itacen tuffa a ƙarshen gonarsa, ya bar wa kansa wuri a kusa da ita, har duwatsun ya tara. Wanda ya mutu a birni a birni ake binne shi, a tsakanin baƙi. Babu mai ɗauko gawa ya yi kwana da wuni a kan wannan hanya.

"Ba wani abu nake nema ba, Malam. In kai bazara in na kai. In ban kai ba, ga wurina can, taku kaɗan ne. Ka ba ni alkawari ba za ka kira yaron nan ba."

Na ce masa shi jaki ne, kuma na karanta tarihin sarakuna da yawa da taurin kai ya kashe, amma aƙalla su suna da ƙasa. Ya ce shi ma yana da ita, ga ta can ƙarƙashin tuffa. Na ba shi alkawarin.

Daga ranar na zama mai faskare. Ban taɓa iya gatari ba, nawa itacen a faskare nake saye. Ina ɗagawa Zarmast yana leƙe ta ƙofa yana cewa ba alli ba ne, in buɗe ƙafafu, in duba inda itacen ya tsage da kansa. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Don kada a yi zargi nakan riƙo littafi a hammata in zan tsallaka, na baza labarin cewa ina koya wa Zarmast karatu kafin ya mutu jahili. Unguwa ta samu abin dariya. Matar liman ta tare ni a hanya ta ce Allah ya ba ni lada, ta tambaya ko ya kai harafi na nawa. Na ce yana nan a na farko, amma yana da himma.

Kwanakin nan ba su yi muni ba, kuma ba na faɗin haka game da kwanaki da yawa. Murhun yakan yi ja, kwanonsa yana ƙara, ɗakin ya cika da warin rigar ulu mai bushewa. In dafa mana shayi da gishiri da madara, in jiƙa masa gurasa a ciki. Wani lokaci da gaske nakan karanta masa. Yaƙe-yaƙe yake so, amma kullum tambayarsa ɗaya ce: ta wace hanya suka bi, kuma wa ya ɗauko musu kaya. In na ce littafin bai faɗa ba, sai ya ce to marubucin bai je ba. Shi kuma ya ba ni labarin kwanar da ya taɓa juyawa da taya ɗaya a iska da amarya a bayan mota. Na ji labarin nan ya fi a ƙirga. A da amaryar ba ta da ciki, yanzu har naƙuda take.

Da la'asar nakan cika masa murhu, in jera masa itace inda hannun hagu zai kai, in koma gida in hura nawa, don ni ma ana duba hayaƙina.

Wata safiya na tura ƙofa na ji wari. Ƙonannen ulu, da wani abu a ƙarƙashinsa da na fi so kada in siffanta. Zarmast yana zaune a gefen murhu cikin walwala, har ya dafa shayi da kansa, yana min gorin na makara. Ya ce bai taɓa barci mai daɗi irin na jiya ba, ya matso kusa da wuta ya jingina. Na zagaya ta damansa. Hannun rigar ya cinye daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, gefensa ya yi baƙi ya ƙanƙance. Abin da ke ƙarƙashi ya manne da ulun.

"Me kake kallo haka kamar ka ga bashi?"

Na ce ya duba hannunsa. Ya juya ya duba. Ya daɗe yana kallo, kamar yadda mutum ke kallon motar wani da ta faɗa rami. Sannan ya ce, a hankali, shi bai ji komai ba.

Na so in kira malamin ɗakin shan magani, ya hana, don matar malamin ƙanwar matar liman ce. Na jiƙa ulun da ruwan ɗumi na ɓamɓare shi kaɗan-kaɗan. Na wanke wurin da ruwan gishiri, na shafa zuma, na naɗe da tsohon rawanina. Duk wannan yana kallon rufi yana fito. Na kwaso shimfiɗata na dawo ɗakinsa da kwana, na sa kaina tsakaninsa da murhu. Da asuba in hura nasa, in tsallaka in hura nawa, in dawo. Tsofaffi biyu suna yi wa unguwa guda ƙarya da hayaƙi.

Na ce ya dawo gidana gaba ɗaya. Ya ce mutum mai ɗa a raye ba ya komawa gidan maƙwabci, sai dai in so yake a zagi ɗan har jikoki.

Zumar ba ta yi ba. Gefen ƙunar ya kumbura ya yi ja, jan ya fara hawa zuwa kafaɗa. Rawanin ya fara wari ko na wanke shi. Sai zazzaɓi. Ya daina cin gurasa, ya daina zagina. Ranar da na yanke shawara, da rana tsaka ne, yana kwance idonsa a buɗe bai san ina ɗakin ba. Hannunsa na hagu yana kan bargo yana canza giya, ƙafarsa mai lafiya tana taka birki.

Na zauna na yi tunanin abin da alkawari yake nufi. Na karanta abin da malamai suka ce a kai, da abin da masu hikima suka ce, kuma duk cikinsu babu wanda ya rubuta nasa yana zaune a ɗaki ɗaya da wannan warin. Na san abin da Zarmast zai zaɓa, ya riga ya faɗa min, da hankalinsa. In na yi shiru, cikin 'yan kwanaki zai samu abin da yake so, a ɗauke shi taku kaɗan zuwa ƙarƙashin tuffa. Ni ne zan zauna in kalla. Na taɓa zama na kalla sau ɗaya, lokacin Durdana, amma ita babu wanda za a kira.

Na hau tudun bayan kanti inda waya ke kamawa. Fardad ya ɗauka da fara'a, yana Baffa ina gajiya, ina sanyi. Na ce ya nemo mota ya taho yau, ya taho da bargo. Sai ya tambaya ko Baba ne ya ce in kira. Na ce a'a.

Ya iso washegari da hantsi a jif ɗin haya, da takalmin birni. Kafin ya tsallaka rafi unguwa ta cika tsakar gidan. Matar liman ta shiga ɗakin ta fito tana share ido, ta tsaya a gabana ta tambaya me ya sa na ɓoye, su ba mutane ba ne? Ta ce kullum tana dubawa, kullum, ko rana ɗaya ba ta fasa ba. Na ce na sani, shi ma ya sani.

Zazzaɓin ya ɗan sauka da safen, Zarmast yana cikin hankalinsa. Da ya ga ɗansa bai tambayi wanda ya kira shi ba. Ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, kamar dai yana duba lambar motar da ta wuce. Bai sake dubana ba.

Aka fito da shi a kan gado aka ajiye a tsakar gida, direba yana cewa a yi sauri kafin rana ta narkar da hanya. Zarmast ya ce ba inda za shi sai an share bututu. Kunkunniyar da aka bari a bututu mai sanyi tana jan laima, ta cinye ƙarfen kafin bazara. Fardad ya ce Baba a bar wannan, zai sayi sabo. Zarmast ya ce wannan ɗin Mahtab ce ta zaɓo shi a kasuwa, kuma bai ga abin da ya yi da za a bar shi ya ruɓe ba.

"Ka shiga ka riƙe ƙasa. Ka ce wa maƙwabci ya hau."

Maƙwabci. Ina tsaye kusa da shi har ina jin numfashinsa.

Na hau. Na zura igiya, Fardad ya kama. Wannan karon akwai abin sharewa, wutar da na yi ta hurawa ta bar baƙi mai kauri. Yaron yana da ƙarfi amma bai san aikin ba, yana fizga maimakon ja. Daga kan gado Zarmast yana ba shi umarni da 'yar muryar da ta rage masa: a hankali, ya bar ƙayar ta ci, ya riƙe bakin buhu da gwiwa, ashe birni tayoyi kawai ake koya wa mutum. Mutane suka yi dariya, irin dariyar da ake yi don kada a yi wani abu. Ni bai gyara min komai ba, ko da yake na san na yi kuskure ya fi sau ɗaya, ɗaya ma da gangan.

Da muka gama na cusa tsumma a bakin bututun, na kifa masa tsohuwar tukunya, na ɗora dutse. Ina kan rufin aka ɗaga gadon. Suka bi ta gefen gona don nan ne ƙanƙara ba ta da zurfi. Da suka zo daidai itacen tuffa ya ce su tsaya. Suka tsaya. Can suka ci gaba.

Fardad ya dawo da gudu ya kama hannuna mai baƙi ya sumbata, ya ce ba zai manta ba. Na ce ya je, direba yana jira.

Likitocin birni sun yanke hannun daga kafaɗa. Fardad ya gaya min sun ce da an ƙara kwana biyu da ba a kai shi da rai ba, ya faɗa min haka ne don in ji daɗi. Zarmast ya warke. Ya ga ƙarshen sanyi, ya ga bazara ta tagar ɗakin nan mai kallon bango. Duk Juma'a Fardad yakan kira, in hau tudu in ji labari. In na ce a ba shi wayar, ko dai yana barci, ko yana alwala, ko bai jima da shan magani ba.

Ya rasu a tsakiyar zafi, lokacin da gawa ba ta iya jiran la'asar. Suka binne shi a wata maƙabarta a gefen babban titi. Fardad ya ce wuri ne mai kyau, akwai katanga, akwai mai gadi. Ya ce in akwai abin da nake so a gidan in ɗauka. Na ce ba na son komai. Sannan na tambayi abin da na yi niyyar ba zan tambaya ba, ko ya taɓa ambatona.

"Kullum, Baffa. Kullum sai ya yi maganarka."

Ya yi saurin faɗa. Yaron bai iya ƙarya ba, uwarsa ma haka take.